Bindiga Mai Baki Bakwai da Kafaɗar Baba Arzika

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, har akwai finafinan da na yi wa hidima na manta yadda suka ƙare, amma ranar da Baba Arzika, maƙerin Karofan, ya ɗora bindiga mai baki bakwai a kafaɗarsa tana nan daram a raina. Ku da kuka shigo sana'ar sinima a baya-bayan nan kuna yi mini dariya idan kun ga na zauna a kan kujera na girgiza ta kafin ɗan wasa ya zauna, ko na kurɓi shayin da za a miƙa masa a gaban kamera. Na sha jin kuna raɗa cewa tsoho Alkasum ya fara ruɗewa. To ku gyara zama ku ji inda na samo wannan ɗabi'a.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, bayan babban farin nan, lokacin soja ke riƙe da ƙasa. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar masu shirya fim a Yamai. Ga wanda bai san tsarinmu ba, a sama akwai realizatar, wato mai tsara fim da ba da umarni. Ƙasa da shi akwai mataimakinsa, sai mai kamera, sai mai ɗaukar sauti, sai shofer mai tuƙa mu. Can ƙarshen layi kuma ni, mai kayan wasa. Duk abin da ɗan wasa zai riƙe, ko ya zauna a kai, ko ya ci, ban da tufafin jikinsa, a wuyana yake. Aiki ne da ba a yabo. Idan kaya sun yi daidai ba mai tuna ka, amma bari tulu ya fashe kafin lokacinsa, duk ƙungiya za ta san sunanka da na ubanka.

Realizatar ɗinmu sunansa Mamman, muna ce masa Shef. Mutum ne mai haƙuri da mutane, marar haƙuri da aiki. Ya yi karatu a ƙasar Turawa, kuma a can ne ya ga wata tsohuwar bindiga a gidan ajiye kayan tarihi, ta shiga ransa ta ƙi fita. Ya ɗauko hotonta, yana yawo da shi a aljihu. Bindiga ce ta sojan ruwa na zamanin jiragen da iska ke turawa. Bututu bakwai gare ta, shida sun kewaye ɗaya, kunama guda ke tayar da su gaba ɗaya. Shef ya ce an ƙera ta ne don mutum ya hau can saman sandar jirgi ya share abokan gaba da ke kan nasu jirgin da harbi ɗaya. Ya kuma taɓa ganin ta a sinimar Turawa, wani ƙato yana riƙe da ita yana harbi kamar wasa.

A kan wannan bindiga ya gina labarinsa. Wani ɗan ƙasa da ke tuƙa wa Turawa jirgi a kogi ya gudu da ita, ya faɗo ƙasar Adar, wajen Tawa, ya kare wani ƙauye daga mahara. Na tambaye shi ko irinta ta taɓa zuwa Adar da gaske. Ya yi dariya ya ce bai sani ba, amma a fim ɗinsa za ta zo. Sannan ya miƙo mini hoton ya ce, "Alkasum, ita nake so. Ta gidan tarihi ba za su ba mu ba, sai ka samo mai yi mana."

Bayan kaka muka sauka Madawa, lokacin manoma sun huta za mu sami masu cika fage. Kafin a taɓa maganar bindiga akwai ƙa'ida. Na je wurin sufurefe na Buza, mai mulkin yankin, wanda jama'a ke kira kumandan, ya ba da izini, ya tura ni wurin jandarma. Ajidan, wato babbansu, ya gindaya sharaɗi biyu: ba harsashi, albarushi da tsumma kawai, kuma duk ranar da za a tayar da ita sai yana tsaye. Shi ne ma ya ce in nufi Karofan in nemi Arzika, don duk maharban yankin bindigarsa suke riƙewa.

A sana'armu bindigar fim ƙarya ce, kowa ya sani. Ko dai itace ne a shafa masa baƙin fenti, ko a sa bututu ɗaya mai rai sauran na ado, ƙarar kuma a ƙara ta daga baya wajen haɗa fim. Da wannan niyya na shiga maƙerar Baba Arzika. Na tarar da dattijo ya haura sittin, gajere, mai faɗin ƙirji, hannunsa na dama ya fi na hagu kauri saboda masaba. Babban ɗansa Tankari, magidanci mai iyali, shi ke zuga. Kakanninsu Azna ne, masu addinin gargajiya. Shi kam Baba Arzika ba ya wasa da salla, amma ƙa'idodin ƙira da ya gada bai yar da ko ɗaya ba.

Ni kuwa mahaifiyata Buzuwa ce daga Ibohaman, kuma kun san wasan da ke tsakanin Buzu da maƙeri. Yana jin asalina ya ajiye awartaki.

"Wace iska tak kawo Buzu maƙera? Ko takobin kakanka yas sake lanƙwashewa?"

"Na zo in ga ko bawanmu na aiki, ko kwana shikai," in ji ni.

"Zamna nesa da wuta, kar rawaninka shi kama mu yi hasarar gawayi."

Na miƙa masa hoton. Wasa ya tsaya. Ya fita da shi haske, ya juya shi, ya kusanto da shi ido, ya daɗe yana duba shi. Can ya tambaye ni wa ya ƙera ta. Na ce wani Bature ne, tun zamanin kakannin kakanni. Ya kaɗa kai ya ce, "Wanga mutum ya san wuta. Da mun gamu da mun sha hira." Ban taɓa jin an yabi matacce da irin wannan murya ba, kamar yana maganar wansa da ya yi tafiya.

Sai na yi masa bayanin abin da muke so: siffar kawai, baki ɗaya ya yi aiki, shida na ado. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Guda shi yi magana, shida su yi kurum?"

"Baba, wasa na. Sinima ta."

"Gidanga ba mu ƙera ƙarya. Sinimarku wata nawa ta? Ku gama ku koma Yamai. Ƙarhe ba shi ƙarewa. Wata rana wani na ɗaukar ta shi tari kura, shina zaton bakwai gare shi, ashe guda na. In kura ta ci shi, wa yak kashe shi? Tambarin gidanmu na bisa ƙarhen. Ko bakwai su yi magana, ko ka ɗauki hotonka."

Na fito raina a ɓace. Ni da na zo neman aikin sati guda, ga tsoho zai ɗora mini na wata. Na kai wa Shef ƙara ina tsammanin zai ce mu nemi wani maƙeri. Sai na ga idonsa ya yi haske, sannan fuskarsa ta canja. Washegari muka koma tare. Shef ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida dattijo, sannan ya gaya masa gaskiyar abin da ya karanta: sojan ruwan da kansu sun daina amfani da ita, saboda tana karya kafaɗar mai harbi, wani lokaci kuma wutarta ta kama ƙyallayen jirgi. Ƙaton da ke harba ta a sinimar Turawa, in ji Shef, tasa ta ƙarya ce ko kuma albarushin ɗan mitsitsi ne.

Baba Arzika ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi.

"Can wurinsu, wa ka hwara harba ta, maƙerin ko matuƙin jirgin?"

Shef ya ce bai sani ba, littafin bai faɗa ba. Tsoho ya ce, "To," ya juya ga wutarsa. A lokacin ban ɗauki tambayar da muhimmanci ba.

Neman bututu ya faɗo kaina. Maƙeran yankin da sandar sitiyarin tsohuwar mota suke yin bakin bindiga, don ƙarfenta ba ya tsagewa. Na bi garejin Madawa ina rarrafe ƙarƙashin matattun kamyo, manyan motocin kaya, kunama ta harbe ni a yatsa, Baba Arzika ya ce ta gane Buzu ne shi ya sa. Cikin waɗanda na kawo ya ƙwanƙwasa kowanne a kunnensa, ya mayar mini da kusan rabi.

Na zauna a maƙerar nan kwanaki, kuma a nan haushina ya koma sha'awa. Shi da Shef suka riƙa zama a kan hoton suna shawarar yadda tartsatsi ɗaya zai isa baki bakwai. Shef ya tuna cewa wutar ta tsakiya take fara shiga, tsoho kuma ya huda ƙananan ƙofofi daga na tsakiyar zuwa shidan, kowace daidai da 'yar'uwarta, ba ma'auni sai ido. Tankari ke dukan farko da babbar guduma, amma gyaran ƙarshe na uban ne. Idan ya ɗaga masaba sai ka ji sautin ya bambanta, har matan gidan sun san wa ke kan uwar maƙera ba tare da sun leƙo ba. Ƙotar kuwa daga ƙirya aka sassaƙa ta, daidai yadda take a hoto. Ranar da aka haɗa ta, aka sa ƙanƙara a kunama, aka buga tambari, na ɗaga ta da hannu biyu na ji nauyinta ya kai na ɗan akuya. Kyakkyawa ce, ba na ɓoye muku, har yau ban riƙe kayan wasa da ya kai ta ba.

Ranar gwaji muka sauka wani kwari a bayan gari da hantsi. Akwai ajidan, akwai Shef da mai kamera, akwai Illa, malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Madawa, ana ce masa Mushe kamar kowane malamin boko, wanda zai fito a matsayin matuƙin jirgin. Illa saurayi ne dogo, bai daɗe da aure ba, hutun makaranta ya ba shi damar yi mana wasa. Jama'ar gari suka tsaya can kan tudu.

Ga yadda suke auna albarushi. Idan an zuba an danna tsumma, sai a zura sandar ɗuri a duba abin da ya rage a waje da yatsu. Bindigar biki mai baki ɗaya takan ci yatsa huɗu. Baba Arzika ya sa aka ɗura wa kowane baki huɗun nan cif, aka ɗaure bindigar a jikin wata aduwa da igiyar fata, aka ɗaura zare a kunama, kowa ya koma bayan dutse. Ya yi bisimilla ya ja. Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar ba. Jakunan da ke kan tudu suka watse, duwatsu suka mayar da amsa, ajidan da ya sha jin harbi sai da ya dafe hularsa. Da hayaƙi ya lafa tsoho ya bi kowane bututu da yatsa, bai sami tsaga ba.

Daga nan aka shiga gwajin kamera, tana nan ɗaure. A yatsa ɗaya mai kamera ya ce ranar Adar ta cinye hayaƙin, ba a ganin komai. A yatsa biyu ya ce ya yi. Ni dai na fara naɗe kayana, a zatona an gama. Sai na ga Baba Arzika yana kwance igiyar, yana tuɓe riga.

Tankari ne ya ja ni gefe. Ya ce a gidansu bindiga hawa uku take yi: itace, sannan kafaɗar wanda ya buga mata tambari, sannan mai ita. Tun kakanni ba a taɓa tsallake na tsakiya ba. Nan take tambayar da tsoho ya yi wa Shef ta dawo mini. Yatsa biyu a baki bakwai tamkar mutum ya harba bindigogin biki uku ne ko huɗu a lokaci guda da kafaɗa ɗaya. Kafaɗar kuwa ta dama ce, wadda ke ɗaga masaba, a jikin mutumin da ya haura sittin.

Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa. Illa ya ce shi ne mai ƙuruciya, a ba shi. Tsoho ya ce, "Kai da alli kaka ci da gidanka, da wanga hannu. Ja da baya, Mushe." Tankari ya ce a bar masa, uban ya ce ba shi ya buga tambari ba. Shef ya ce zai sake tsara wurin, a ɗora bindigar a kan dutse Illa ya ja kunama kawai. Tsoho ya ce duk bindigar da ke da ƙota kafaɗa take kira, in ba yau ba gobe. Har Shef ya ce to a fasa, a cire ta daga fim ɗin gaba ɗaya, kuma na san abin da wannan magana ta ci masa. Baba Arzika ya yi murmushi ya ce, "Kun sa ni haihuwa, ku hana ni jin kukan ɗa?" Ajidan ya ɗaga kafaɗa ya ce sharaɗinsa biyu ne, kuma ba a karya ko ɗaya ba.

Ni na yi amfani da damar wasa na matsa kusa da kunnensa.

"Kai bawa, ka ji maganar ubangijinka. Mu ɗura ma uku mu bar huɗu wohi. Wa zai sani? Itace ya riga ya shaida ƙarhenka."

"Itace ya shaida ƙarhe," in ji shi. "Amma itace ba shi hwaɗin inda ka mai ciwo. In na ɗura uku, kahwaɗar yaron ga niy yi ma ƙarya. Kauce, Buzu, wagga ba hwashin raƙumi ta ba."

Bai yi garaje ba. Ya fara da yatsa ɗaya. Ya kafa ƙafa, ya saita wani gangare, ya ja. Ta tura shi baya taku biyu amma bai faɗi ba. Ya murza kafaɗa ya ce wa Tankari tana ɗaga kai. Shef ya yi maza ya ce yatsa ɗaya ya ishe shi, zai nemi dabarar hayaƙi. Muka sa baki gaba ɗaya muna roƙo. Tsoho ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Yau kun ce ɗaya. Ranar aiki rana na haskawa, mai kamera shi ce hayaƙi ya yi kaɗan, wani shi ƙara, tunda kowa ya ji anka ce biyu. Na san mutane. Ɗura biyu, Tankari."

Tankari ya ɗura. Ni kam na ji haushin hoton nan da ranar da na ɗauko shi. Tsoho ya yi bisimilla, ya manna kumatu a ƙota, ya ja kunama.

Hayaƙi ya rufe shi. Da ya yaye sai muka gan shi a ƙasa, rigingine, bindigar can gefe. Jini na fita a leɓensa, hannun dama kuwa ya kwanta yadda hannu ba ya kwanciya. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da wuya ya karye, kana ganin tudunsa a ƙarƙashin fata. Muka rufa a kansa. Ya buɗe ido, ya tofar da jini, ya nemi ɗansa.

"Tankari, ƙotar ta miƙe da yawa, shi as sa taka bugun muƙamuƙi. Sassaƙo wata mai lanƙwasa, ka hwaɗaɗa gindin, ka sa mai hwata da audugar rimi. Ɗuri yatsa ɗaya da rabi, ko ƙwaya kar a ƙara. In suna son hayaƙi ka yawaita garin gawayi." Ya numfasa, ya juyo ga Illa. "Mushe, ƙahwar hagu gaba, ka jingina bisa gare ta, kar ka jira ta ta iske ka." Sannan idonsa ya faɗo kaina. "Buzu, kuka kakai? Ashe ku ma kuna da ruwa a jiki."

Kuka nake yi, ban musa ba.

Shef ya so mu kai shi likita a Buza, ya ƙi, ya ce maɗorin garinsu ya san ƙashin gidansu. Aka yi ɗori. Tankari ya sake ƙota yadda aka gaya masa, kuma da ya tambaya ko sabuwar ƙota na bukatar sabon gwaji, uban ya amince shi ya harba a gabansa, tunda shi ya sassaƙa ta. Ta tura shi kaɗan ta tsaya. Bayan haka muka hau da ita kan wani dutse a wajen Keita, ajidan na tsaye, Illa ya sa ƙafar hagu gaba ya jingina. Harbi ɗaya aka yi, mai kamera ya ce ya samu. Illa ya sauko yana dariya, ko kumburi bai yi ba. Da aka gama aiki ajidan ya karɓi bindigar aka tafi da ita Tawa, daga nan ban sake jin labarinta ba.

Ƙashin Baba Arzika ya haɗe, amma a karkace. Hannun bai sake ɗaguwa sama da ƙirji ba. Da na biyo ta Karofan wata shekara, tun daga bakin gari na ji sautin masaba na san ba nasa ba ne. Na shiga na tarar Tankari a kan uwar maƙera, shi kuwa tsoho yana zaune a ƙasa yana zuga, aikin da ake fara koya wa mai shiga sana'a. Abin ya soke ni. Na tambaye shi, ba da wasa ba, ko yana da-na-sani. Ya ce, "Hannun ya yi aikinai shekara da shekaru. Wancan ad dukan ƙarshe, kuma bai kuskure ba." Sai ya ce in matsa, inuwata na kashe masa wuta.

Wajen shekara biyu bayan ɗauka fim ya fito, don a lokacin sai an aika da shi waje a wanke a haɗa. Shef ya rantse mutanen da suka yi shi sai sun gan shi. Muka ɗauko kamyo da injin wuta da majigi, muka bi Madawa, Galma, Keita, har Karofan. Bayan magariba muka haska a bangon lakwal. Gari ya cika, kowa na ihu idan ya ga kansa ko jakinsa. Na shimfiɗa wa Baba Arzika tabarma a gaba na zauna kusa da shi.

Wurin bindigar ya zo. Illa a kan dutse, ya ɗaga ta, wuta ta fito baki bakwai, hayaƙi ya turnuƙe. Duka abin bai kai kurɓin ruwa ba, har an wuce wani wurin. Mata suka yi guɗa. Ni kuwa sai na ji ɗaci a raina, na ce ashe a kan wannan ɗan ƙyaftawar ido mutum ya ba da hannunsa.

Tsoho ya taɓo ni da hannun hagu ya ce, "A maido shi baya."

Mayar da fim baya a tsakiyar nuni ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mai majigi ya ƙi jinin haka. Na je na gaya wa Shef. Ya tashi da kansa ya tsayar da injin. Jama'a na gunaguni aka mayar, aka sake haskawa. Wannan karo ban kalli bango ba, fuskar tsoho na kalla. Na lura ba wutar yake kallo ba, ba kuma hayaƙin ba. Idonsa na kan kafaɗar Illa.

"Ka gani?" in ji shi a hankali. "Ta tura shi, ya mayar. Kan yaron bai motsa ba." Sai ya juyo gare ni. "Yaron ya koma lakwal? Shina rubutu bisa allo?"

"Ya koma, Baba. Har an yi mai haihuwa."

"To madalla. Ta yi kyau."

Ya gyara hannun dama a kan cinyarsa da na hagu, ya ci gaba da kallo har ƙarshe.

Na shiga wannan sana'a ina ɗauka aikinmu shi ne mu yi ƙarya mai kyau, kuma har yanzu haka ne, don takubbanmu ba su da kaifi, jininmu kuma jan fenti ne. Abin da ban sani ba sai a Karofan shi ne, mai kallo kawai aka yarda a ruɗa. Wanda zai riƙe kayan da hannunsa ɗan mutane ne, yana da mata da sana'ar da zai koma idan an kashe kamera, kuma ya karɓa ne don ya yarda da wanda ya miƙo masa. Na ga Shef ya yarda ya jefar da mafarkinsa saboda kafaɗar tsoho, na ga tsoho ya ba da kafaɗarsa saboda ta malamin lakwal da bai haɗa komai da shi ba. Tun daga ranar duk abin da zai fita hannuna ya shiga hannun ɗan wasa, sai jikina ya fara sanin sa.

Saboda haka gobe idan kun ga na hau tsanin nan kafin yarinyar da za ta hau shi, da gwiwoyin nan nawa da kuka sani, ku yi dariyarku, ba na jin haushi. Ku dai riƙe mini ƙasan tsanin da kyau. Mutumin da ya koya mini ba wanda ya iya riƙe masa.